Baturiya a Bikin Rabi

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Rabi, ƙanwar maigidana, a Safana ba, kuma ko na so in manta mutanen gidan ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga da sallama, kafin in cire takalmi sai wata ta ɗaga murya daga madafa: "Maman Walida, ina kika baro ƙawarki Baturiya?" Ni kuma in ce tana nan lafiya, tana gaishe ku. To bari in faɗi yadda na samo wannan ƙawar.

Maigidana, Baban Walida, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan shago a Batsari. Buga takardu yake yi da hoton fasfo da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Ni iyakata sakandare, amma ya zaunar da ni gefensa ya koya mini abin da ya iya, da haƙuri wani lokaci, wani lokaci da tsaki. Wata rana ya hau babur zuwa Runka zai duba kwamfutar wata makaranta, 'yan bindiga suka tare hanya, bai dawo da ƙafarsa ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Duk wanda yake yankinmu ya san sauran.

Da na fita takaba, dangi suka ce a rufe shago a sayar da kaya, mace ba za ta iya ba. Ban yi musu da kowa ba. Na ɗauki makulli na je na buɗe.

Akwai wani abu da marigayi yake so kamar ransa. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja guda, wadda ke tashe ta, ta riƙe sauran, ta nuna wa kowanne wurin zamansa. In babu ita, kwamfuta faranti ce mai murfi. Kamfanin da ke yin wannan manhaja, kafin ya fitar da sabuwa kasuwa, yakan ba masu son wahalar da kansu su gwada, su rubuto inda take ciwo. Baban Walida ya sa sunansa a cikinsu. "Ɗanya" yake kiran irin wannan, don ba ta gama nuna ba. Yakan bugi ƙirji ya ce daga Batsari har Tsaskiya shi kaɗai ne mai gwada ɗanya. (Nakan ce masa, to wa ya ce maka akwai mai neman wannan sarautar?) Yana da doka ɗaya da ya yi ta nanata mini: ba a saka ɗanya a kwamfutar da ake cin abinci da ita. Yana da wata tsohuwa ta daban don gwaji, amma ita ta mutu murus tun yana raye.

A cikin gwaje-gwajen nan ne ya taɓa naɗar muryarsa, yana duba ko makirfo na aiki. Ya fara da "gwaji, gwaji," sai surutu ya ɗauke shi. Ya tsokani ƙanwarsa Rabi, ya yi 'yar waƙa da muryar da ba ta waƙa ba, ya ambaci mahaifiyarsa. Bai goge ba. Wannan naɗin shi ne kaɗai muryarsa da ta rage a duniya, domin wayarsa ta tafi tare da shi. Yana cikin kwamfutar shago, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Sau ɗaya na saurara, ban iya komawa ba.

Surukata, Inna, shi ne ɗanta na fari. Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama hira da shi, in ya gaishe ta bango take amsa wa. "Wancan yaron" take ce masa. Ranar da aka kawo gawarsa ma ba wanda ya ga hawayenta. Ana saura 'yan makonni biki na je Safana gaishe ta, muna tsince gyaɗa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"An ce wannan abin naku na shago yana riƙe maganar mutum."

Na ce, "Yana riƙewa, Inna."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsince gyaɗa. Can ta ce, "Ranar bikin yarinyar nan sai ki taho da shi. Kada a bar shi a shago ba kowa, ɓarayi sun yi yawa."

Na gane abin da take nufi sarai. Amma maimakon in riƙe shi yadda ta ba ni, a rufe, sai kaina ya kumbura. Na gaya wa Rabi, Rabi ta gaya wa ƙawayenta, kafin in koma Batsari an gama shirya cewa ranar wuni za a jona kwamfutata da lasifikar Ɗanjuma mai kiɗa, duk matan biki su ji muryar marigayi. Na ce a raina, masu cewa mace ba za ta iya ba, ga ranarku.

A makon bikin ne saƙo ya faɗo cikin kwamfutar. Kamfanin ne, suna gaishe da Baban Walida da sunansa, suna cewa sabuwar ɗanya ta fito, suna jiran ra'ayinsa. Na zauna ina kallon sunan. Su ba su san komai ba, a wurinsu yana nan a kujerarsa. Ban so su jira shi su ji shiru. Wannan shi ne dalili na farko, kuma shi nake gaya wa mutane. Na biyu kuwa, ina so in isa Safana da abin da ko a Katsina ba kowa ya gani ba. Na tuna dokarsa tsaf. Na danna.

Tun daga nan ɗanya ta fara nuna mini halinta. Da farko ta ce babu wuri. Na zauna na goge tsofaffin hotunan fasfo, fuskokin rabin mutanen Batsari, har da na waɗanda suka yi gemu tun bayan ɗaukar hoton. Sai saukar da ita, ta hanyar wayata. A shagonmu sabis ba ya zama sai a saman taga, don haka na rataye wayar a ƙusa cikin safar Walida. Ta yi nisa sai ta yanke, ta koma farko. Ta sake yin nisa, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da lalacewa, da an zare wayar wuta take sumewa. Na tayar da ɗan janaretanmu, na sake farawa.

Da ta sauka, sai ta ƙi shiga. Ta ce wai akwai wani makullin tsaro a cikin kwamfutar da ba a kunna ba. Na kusa haƙura. Sai na tuna yadda marigayi yake yi, da ya kunna kwamfuta sai ya hau dukan wani maɓalli ba ƙaƙƙautawa kamar mai kiran tsohon kurma, har wani shuɗin allo mai ƙananan rubutu ya fito. Na gwada maɓallan sama ɗaya bayan ɗaya, na dace. Na shiga, na lalubo makullin, na kunna, na fito, ba wanda ya nuna mini. (Wannan kam har gobe ina alfahari da shi, kuma ba zan fasa ba.)

Ta tambaye ni, a bar kayan da ke ciki ko a share komai? Na zaɓi a bari. Ta ba ni shawara in kwafe muhimman abubuwa zuwa wani wuri tukuna. Ga filas, ɗan abin kwafe bayanai, a aljihun tebur, aikin da bai kai shan ruwa ba. Amma kafin in kwafe sai na buɗe jakar cikin kwamfutar da ya ajiye kayansa, in na buɗe kuma hotonsa ne zai fara fitowa. Na ce sai na dawo daga biki.

Safiyar wuni manhajar ta rubuta cewa saura a kashe a kunna, ta ƙarasa. Direban a-kori-kura yana ta danna ham a bakin titi. Na ɗauka wannan ƙarasawar kamar ɗaura ɗankwali ce bayan an gama shiri. Na kashe, na naɗe ta cikin zane, na rungume ta har Safana.

Gida ya cika. Mata daga Runka, daga Tsaskiya, daga Batsari, tabarmi har bakin rijiya. An ci an sha an yi rawa. Bayan azahar Ɗanjuma ya tsayar da kiɗa, ya jona kwamfutata da wutar janaretansa da kuma lasifikarsa, wata ƙatuwa mai tsayin yaro, wadda ya juya bakinta wajen titi don unguwa ta san ana biki. Ya miƙo mini makirfo. Ni da ban cika magana a taro ba, sai ga ni ina jawabi. Na ce yau za su ji muryar ɗan gidan nan. Na ƙara da cewa, kuma za su ji ta ne a kan sabuwar manhajar da ko kasuwa ba ta shiga ba, wadda ni da hannuna na saka. (Wannan ƙarin ba wanda ya tambaye ni shi.)

Wasu suka ja mayafi suka rufe fuska. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, can gefe, tana kallon ƙasa. Na buɗe murfi na kunna.

Wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka fito suna zagaye. Ƙarƙashinsu an rubuta cewa ana aiki, kada a kashe kwamfutar.

Na ce, "Yanzu za ta tashi."

Muka jira. Lamba ta fito tana hawa kamar tsohuwa a kan tsani. Gwaggo Asabe, yayar surukina, wadda ita ce kan gaba wajen cewa a sayar da shago, ta matso ta leƙa allon.

"'Yar nan, waɗannan ƙudajen da ke zagaye, su ne za su yi maganar?"

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na ce shiri take yi. Lambar ta kai kusan ƙarshe, allo ya yi baƙi, ta sake tashi da kanta, ta koma farko. A lokacin ne na gane cewa abin da na baro ba ɗaurin ɗankwali ba ne, dukan wankan ne. Na kuma gane cewa idan wutar nan ta yanke a tsakiyar wannan aiki, komai na ciki zai iya tafiya, har da muryar.

Aka kira la'asar. Ɗanjuma ya nufi janareta zai kashe, kamar yadda ake yi a kowane biki in an kira salla. Na manta makirfo yana hannuna.

"Ɗanjuma! A bar janareta! Don girman Allah a bar shi!"

Unguwa gaba ɗaya ta ji. Maza suna alwala a waje, aka aiko a tambaya wace ce ke hana a yi shiru don salla. Na aika da haƙuri, na ce ba kiɗa za a yi ba, ba abin da zai fito daga lasifikar, na yi alkawari. Ɗanjuma ya ɗaga kafaɗa ya tafi sahu.

Maza suka tayar da salla a ƙofar gida. Mata wasu suka shimfiɗa darduma. Ba ka jin komai sai gunjin janareta daga bayan katanga. Sai allo ya yi haske. Na ce alhamdulillahi, na ɗaga hannu ina yi wa mata alamar ga shi nan.

Sai wata mata ta yi gaisuwa da Turanci, da ƙarfin da ya girgiza kwanukan da ke kife a bakin rijiya.

Baturiya ce, muryarta fes, cike da murna kamar ita aka gayyata. Ashe sabuwar manhajar an yi mata mai magana, wadda ke tarbar mutum a karon farko ta yi masa jagora. Ba sallama ba komai, ta shiga bayanin cewa ta zo ne ta taimake ni, ta tambayi wace ƙasa nake.

Wata tsohuwa daga Tsaskiya, wadda ta fara kuka tun kafin a ji komai, ta sauke mayafinta ta ce, "Shi ne wannan?"

Gwaggo Asabe ta ce, "Ke wace ce? 'Yar gidan wa?"

Baturiya tana saurare ta makirfon kwamfutar, sai ta amsa.

"Me ta ce?"

Na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji, "Ta ce ba ta gane ba, ki sake faɗa."

"To ni ma ban gane ta ba. Ki ce mata ana salla!"

Na duba allo ban ga inda ake rufe mata baki ba. Na duba bayan lasifika, wayoyi sun cukurkuɗe, ban san wacce ce ta wutar kwamfutar ba, kuma in na zare ta wuta na gama da kaina. Ɗanjuma yana sahu. Baturiya ta wuce zuwa tambaya ta gaba. Ban san lokacin da na cire mayafina na anko ba, na lulluɓe lasifikar da shi, na rungume ta da hannu biyu. Ta ci gaba da magana daga ƙarƙashin mayafin, a shaƙe.

Gwaggo ta ce, "A'a, ashe amare biyu gare mu yau."

Waɗanda suka idar da salla suka faɗi kan tabarmi don dariya. Waɗanda ba su idar ba, na ga kafaɗunsu na rawa, Allah ya yafe mini. Rabi, amarya guda, ta yi dariya har kwalliyarta ta zube, daga nan dariyar ta koma kuka. Ni kuwa ina tsaye ba mayafi, rungume da lasifika, a gaban dangin mijina kaf.

Ɗanjuma ya dawo a guje ya murɗa wani abu, Baturiya ta yi shiru. Na amsa sauran tambayoyinta da hannu. Manhaja ta buɗe. Kyakkyawa ce kam, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma allon fayau yake kamar sabon ɗaki. Jakar Baban Walida ba ta inda take zama. Kunyar da nake ji ta gushe nan take, tsoro ya maye gurbinta.

Mata suka fara tashi, ana shirin kai amarya. Gwaggo ta dafa ni ta ce, ba da mugunta ba wannan karon, "Rufe abin nan, 'yar nan, ki zo ki ci abinci." Ɗanjuma ya naɗe wayoyin lasifikarsa ya nufi janareta.

Sai Inna ta yi magana daga ƙofar ɗakinta.

"A bar mata wutar. Yarinya tana aiki."

Ba wanda ya yi musu. Na zauna a ƙasa, na sa kwamfutar a cinya, na ce wa kaina, yi tunani. Na tuna wata rana da na ga marigayi hankali kwance bayan irin wannan ɓata. Ya ce mini sabuwa ba ta zubar da kayan tsohuwa, tattara su take yi ta tura ɗaki guda ta ja ƙofa. Na shiga can ciki, jaka bayan jaka, na samu wadda aka rubuta wa "tsohuwa". Na buɗe. Na ga sunansa. Na buɗe, hotonsa ya fito, wannan karon ban kau da kai ba. Naɗin yana nan.

Abu na farko da na yi, na tura shi cikin wayata. Sannan na ja wayar wuta har ƙofar ɗakin Inna. Ƙaramar lasifikar kwamfutar ta ƙi yin sauti sam (wani ciwon ɗanya ke nan), sai abin sawa a kunne kaɗai ke aiki. Na sa wa Inna a kunnuwanta, ƙarƙashin kallabi, na danna, na juya mata baya ina kallon tsakar gida kamar mai jiran wani.

Na san abin da take ji. Bayan waƙar, sai ya ce: "Inna kuwa, kullum na je sai ta ajiye ƙanzon tuwo a bayan randa ta ce na kaji ne. Gidan da babu kaza ko ɗaya."

Da ya ƙare, na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Ashe ya sani."

Can ta ce, "Wancan yaron da surutu. Sake sa shi."

A nan na gane cewa ko da komai ya tafi daidai, Inna ba za ta iya sauraren ɗanta na fari a gaban taro ba. Da ta tashi ta shige ɗaki. Lasifikar don kaina na shirya ta, ba don ita ba. Baturiya ce ta hana ni yin abin da ya fi wannan muni, shi ya sa ban riƙe ta a zuciya ba.

Da na koma Batsari na rubuta wa kamfanin rahoto da ɗan Turancina, kamar yadda marigayi yake yi. Na ce ƙaramar lasifika ba ta aiki. Na ce matar nan ta riƙa yin shiru sai an kira ta, domin ba su san inda mutum zai kunna kwamfuta ba. A ƙarshe na ce mai wannan suna ya rasu, matarsa ce ke rubutowa, kuma ita za ta ci gaba. Da manhajar ta nuna ta fito kasuwa, matar ba ta magana sai an danna mata. Ban ce saboda ni ba ne. Amma Gwaggo Asabe tana gaya wa kowa a Safana cewa matar ɗansu ce ta koya wa Baturiya ladabi, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.

Shago yana nan a buɗe. Na samo wata tsohuwar kwamfuta don ɗanya kaɗai, muryar kuma yanzu tana wuri uku, ɗaya a wayar Inna, wadda ta ce don jin wa'azi ta saya. Abin da na koya bai da yawa: in za ki kai baƙuwa gidan surukai, ki fara jin bakinta a gida, ƙofa a rufe.